Me ya sa C2H2Cl2 ke da aisoma uku, C2H4Cl2 kuma biyu kacal?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai shirin jarrabawar WAEC. An koya mana cewa C2H4Cl2 aisoma biyu gare shi, C2H2Cl2 kuma uku, alhali kowanne kabon biyu ne da kulorin biyu. Daga ina na ukun ya fito? Na zana na farkon da kulorin ɗaya sama ɗaya ƙasa, amma malaminmu ya ce ban samo sabon abu ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku yana da gaskiya, takarda ce ta ruɗe ki.

Aisoma sinadarai ne masu atam iri ɗaya, adadi ɗaya, amma zubinsu ya sha bamban. Idan bambancin a wurin wa ke ɗaure da wa yake, aisoman tsari ke nan. A C2H4Cl2, ko dai kulorin biyun su taru a kan kabon ɗaya, CH3–CHCl2, ko kowane kabon ya ɗauki guda, CH2Cl–CH2Cl. Na farko yana tafasa a digiri 57 na ma'aunin Celsius, na biyu sai wajen 83, kuma shi ake sarrafawa har a samu robar PVC ta bututun ruwa. Biyu, shi ke nan.

To, zanenki na sama da ƙasa fa? Ɗauri ɗaya ne tak tsakanin kabon biyun. Ki ɗauki katako biyu ki haɗa su da ƙusa ɗaya, za ki ga suna juyawa yadda kika so. Ƙara ƙusa ta biyu, sun kafe. A yanayin zafin ɗaki, CH2Cl–CH2Cl juyawa yake yi ba tsayawa, don haka kulorin da ke sama yanzu, kafin ƙiftawar ido ya koma ƙasa. Ba wanda zai iya raba su ya zuba a kwalba daban-daban.

C2H2Cl2 kuwa ɗauri biyu ne tsakanin kabon ɗinsa, ba damar juyi sai an karya ɗaya. Akwai CH2=CCl2, mai tafasa a digiri 32. Sai CHCl=CHCl, wanda ya rabu gida biyu: idan kulorin biyun suna gefe ɗaya, sis ne; idan suna gefe daban-daban, tirans ne. Wa ke ɗaure da wa bai canza ba, inda suka fuskanta ne ya canza, shi ya sa ake kiransu sitiriyo-aisoma. Kuma ba a zane kawai bambancin ya tsaya ba. Sis yana tafasa a 60, tirans a 48. Kulorin yana janyo ilektaron zuwa gare shi. A tirans jan biyun ya kashe juna, a sis kuwa sun haɗu gefe guda, sai ƙwayoyin suka fi manne wa juna, suka buƙaci ƙarin zafi kafin su rabu.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne su ga ɗauri biyu su ce lallai akwai sis da tirans. A'a. Sai kowane kabon na ɗaurin yana riƙe da abubuwa biyu mabambanta. CH2=CCl2 bai cika wannan sharaɗi ba.

Akwai kuma wani nau'in sitiriyo-aisoma da ba ya buƙatar ɗauri biyu. Dubi CH3–CHCl–CH2–CH3, ɗaya daga cikin aisoman C4H9Cl: kabon na biyu yana riƙe da abubuwa huɗu, ba wanda ya yi kama da wani. Tun 1874 masana kimiyya biyu, van 't Hoff da Le Bel, suka nuna cewa hannuwan kabon huɗu ba a shimfiɗe suke ba, kusurwa huɗu suka nufa, don haka wannan sinadari da hotonsa na madubi ba sa hawa kan juna daidai. Zafin tafasarsu ɗaya, amma haske mai tafiya a fuska guda, ɗaya dama yake karkatar da shi, ɗaya hagu. Shi ya sa C4H9Cl aisoman tsari huɗu gare shi, amma idan an ce a ƙirga har da sitiriyo, biyar za ki rubuta.