Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan wasan allo na AR

Assalamu alaikum. Ƙanena, da na karanta tambayarka, cewa ku biyar aka haɗa, an ba ku wata uku ku ƙirƙiro wasan allo mai aiki da AR, wato fasahar da ke ɗora siffofin kwamfuta a kan abin da kyamarar waya ke gani, kuma kun rasa da wace manhajar haɗa AR za ku fara, Vuforia ko ARCore, sai da gabana ya faɗi, domin bara war haka a cikin wannan halin nake a nan Katsina.

Mu dara muka ɗauka, mai gida talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, muka tsara cewa idan aka haska allon da waya dawakai za su bayyana a kan gidajen, wanda ya jera uku ya ci sai ya ga dokin abokin karawarsa ya faɗi. Unity, manhajar gina wasanni, da Vuforia muka yi amfani da su, kuma su zan ce ka ɗauka, saboda ARCore yana da jerin wayoyin da ya amince da su, kuma a cikin wayoyinmu biyar guda ɗaya ce kawai ta shiga jerin.

Sai dai ba nan ne wahalar take ba, allon ne. Vuforia yana ba hoton da kyamara za ta bi maki daga babu zuwa tauraro biyar, gwargwadon sauƙin gane shi, kuma ba ya son zane mai maimaita kansa, ga shi allon dara layuka ne masu kama da juna ta kowace fuska. Namu na farko tauraro ɗaya ya samu. Sai da na yi mako biyu ina cika gefunansa da hoton hasumiyar Gobarau da zanen bangon gidajen gargajiya, kowace kusurwa da nata daban, kafin ya kai huɗu, dawakan suka tsaya cak.

Ana saura kwana biyu mu kare aikin a gaban malamai, wanda muka ɗora wa buga allo ya je ya sa aka lulluɓe shi da leda mai ƙyalli, wai don ya yi kyau a idon malamai, bai shawarci kowa ba, kuma bai kawo shi ba sai da safiyar ranar. Da muka shiga ɗakin, fitilun sama suka sauka a kan ledar, kyamara ta kasa gane komai. Na ɗaga wayar, na sunkuyar da ita, na matsa kusa, dawakan su fito su yi rawa su ɓace, malamai uku suna kallona, hannuna yana karkarwa, zufa ta jiƙa mini riga. Da aka tambayi abin da ya faru, wannan bawan Allah ya buɗe baki ya ce shi nasa bugawa ne, lambobin manhajar ni na rubuta. Wallahi har yau idan na tuna yadda sauran ukun suka sunkuyar da kai ba wanda ya ce uffan, sai zuciyata ta yi zafi. Mutumin da na sha saya wa data da kuɗin abincina.

Don haka ku buga allonku a takarda marar ƙyalli, kuma ku roƙi izini ku gwada shi a ainihin ɗakin da za ku kare aikin, da mafi raunin waya a cikinku. Ku naɗi bidiyon wasan ranar da yake aiki, ku ajiye. Kada aikin ya kwana a kwamfutar mutum ɗaya, ku sa shi a GitHub, shafin ajiye lambobin manhaja a intanet, kuma abin da kowa ya ɗauka a rubuta shi, mai duba aikinku ya gani. Mai yin siffofi a Blender, manhajar ƙera siffofin 3D, ya rage musu nauyi, domin a zafin Afrilu waya tana ɗaukar zafi ta fara sarƙewa.

Na manta ban ce ba, tun kafin ku buɗe Unity ku zauna ku buga wasan a takarda da duwatsu, a nan ne za ku lura cewa hannun mai motsa ɗa yana rufe hoton da kyamara ke bi, sai ku yanke wanda zai riƙe wayar. Idan kun gama zanen allon, ka turo mini hotonsa kafin ku kai wurin bugawa, in sha Allah zan duba maka.