Ba Na Jin Ciwon Komai, Amma An Ba Ni Maganin Sanyi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Nas. Cikina wata 4, haihuwa ta biyar ke nan. Na je awo aka gwada fitsarina, aka ce akwai ƙwayoyin cuta, aka rubuta min magani na kwana 7. Ni kuwa ba zafin fitsari, ba zazzaɓi. Surukata ta ce in ajiye shi kada ya taɓa cikin. Ya zan yi? Daga mai karatunku a Tudun Jukun, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Don Allah ki sha maganin nan, ki shanye shi tas.

Cikin masu ciki 100, akan samu 2 zuwa 10 da ƙwayoyin cuta a mafitsara ba tare da wata alama ba. Galibi E. coli ce, wadda mazauninta hanji ne, sai ta ƙetaro gaba, tunda hanyar fitsarin mace gajeriya ce, kamar santimita 4 kacal. Da ba ki da ciki, ƙila a ƙyale ta. Amma ciki yana sakin jijiyoyin bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, mahaifa kuma ta danne su, fitsari ya kwanta. Idan ba a yi magani ba, kusan mace 1 cikin 4 cutar kan haura mata ƙoda.

Wannan haurawar ce ke tayar min da hankali. Ba zan manta wata baiwar Allah da aka kawo mana da tsakar dare a Keke Napep ba, jiki na ɓari, haƙora na haɗuwa, ta dafe ƙugu ta dama. Cikinta wata 7, kafin asuba naƙuda ta taso, aka samu bakwaini. Da safiyar ranar tana daka a tsakar gida.

Yawan haihuwa kamar naki yana ƙara haɗarin. Haka ciwon suga, da jinin AS ko sikila, da wadda ta taɓa yin ciwon fitsari. Ki riƙa tsarki daga gaba zuwa baya, kada ki matse fitsari, ki yawaita shan ruwa, musamman a zafin bazara.

Hajiya kuwa, tsoronta na jikanta ne, kada ki yi mata musu. Ki roƙe ta ta raka ki awo, ta ji daga bakinmu cewa an zaɓi maganin da ba ya cutar da ciki. Bayan kin gama za a sake gwaji: ki yi tsarki, ki bar fitsarin farko ya zuba, sannan ki tara na tsakiya a kwalbar.