Filin Harshe: "adore" so ne ko bauta?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukansu a kan kalma ɗaya ta Ingilishi, wato adore. Duk wanda ya yi lakwal a Nijar ya san adorer ta Faransanci tun kafin ya shiga kwalej ya fara Ingilishi, shi ya sa yake ɗaukar su abu ɗaya. Ƴan uwan juna ne kam, amma kowace da halinta.

Tambaya: Na rubuta "I adore to cook" da "My mother is adoring tea" a jarrabawa, mushe, wato malaminmu, ya ja musu jan layi duka biyun. Ina laifina? Daga wata ɗalibar lise, Tawa.

Amsa: Ƴarmu, mushenki bai zalunce ki ba. A jimla ta farko Faransanci ne ya ja ki. A can ana cewa "j'adore cuisiner", aikatau na biyu ya zo yadda yake a ƙamus, sai kika yi masa kwatankwacinsa da to. Ingilishi kuwa yana so aikatau ɗin da ya biyo bayan adore ya ɗauki ing a wutsiya: "I adore cooking". Abin da ke ƙara rikita ɗalibai shi ne love da like suna karɓar hanya biyun, "I love to cook" daidai ne, "I love cooking" ma daidai ne. Ita adore ki riƙe mata hanya guda.

Jimla ta biyu matsalarta daban. Adore hali ne da ke zaune a zuciya, kamar know da believe, ba aiki ba ne da ake ganin mutum yana cikin yinsa kamar daka ko shara. Irin waɗannan kalmomi ba a saba haɗa su da is ko are ana saka musu ing ba. Ki ce "My mother adores tea", kuma kada ki manta da s ɗin ƙarshe tunda mutum ɗaya ake magana a kai. Idan tambaya ce, s ɗin ya koma jikin does: "Does she adore tea?"

Ga wani ramin da ba ki faɗa ba tukuna. Bafaranshiya za ta ga atamfa ta ce "j'adore!" ta yi shiru, magana ta cika. A Ingilishi dole a faɗi abin da ake so ɗin, ko da it ne kawai: "I adore it". Babu kuma to ko with tsakanin adore da wanda ake so. Wajen ƙarfafawa, very much ba ta cika dacewa da ita ba, don tulun ya riga ya cika. Absolutely ko simply ake sa mata a gaba. A rubutu, e ɗin ƙarshe yana faɗuwa a adoring, a adored kuma d kaɗai ake ƙarawa.

Tambaya: Ɗana da ke karatu a Gana ya turo mini saƙo ta WhatsApp, ya rufe da "I adore you, Baba". Ni a sanina adorer bauta ce, haka na gani a fassarar Fatiha. Yaron nan bai yi saɓo ba? Daga wani magidanci, unguwar Bukoki, Yamai.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma, abin da ka gani gaskiya ne. Asalin kalmar daga Latin ne, adorare, kuma orare da ke cikinta na nufin roƙo ko addu'a. Daga nan ta shiga Faransanci, daga Faransanci ta tsallaka Ingila tare da ɗimbin kalmomin da suka kwarara can bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066. Faransanci ya riƙe ma'anar ibadar da ƙarfi, shi ya sa masu fassara "iyyaka na'abudu" suke sa adorons. Amma idan ka buɗe fassarar Ingilishi a daidai wannan gurbi, worship za ka tarar mafi yawa. Ita ce kalmar bauta ta yau da kullum a Ingilishi. Adore da ma'anar ibada ta rage ne galibi a waƙoƙi da addu'o'in coci, kuma ƴan Katolika suna amfani da adoration a nasu sha'anin.

A bakin ɗa zuwa ga mahaifinsa, abin da take nufi shi ne ƙauna mai zurfi wadda ta haɗu da ganin girma da taushin zuciya. Bahaushe zai ce yana ji da kai, ko yana son ka kamar ransa. Idan kaka ce da jikanta, mu ce kamar ta haɗiye shi. Ta fuskar harshe dai wannan ne abin da yaronka ya faɗa. In har kalmar tana yi maka nauyi a kunne saboda asalinta, ba laifi ka ce masa ya riƙa rubuta "I love you", ba abin da ya ragu.

Matasa kuma su lura da wannan. A Faransancin yau "je t'adore" takan fi "je t'aime" sauƙi, ƙawa na faɗa wa ƙawarta don ta ara mata mayafi. "I adore you" ba ta yi wannan sanyin ba. Saurayin da ya tura wa abokiyar aikinsa ita da niyyar godiya, ya shirya amsa tambayoyi. Idan a kan abinci ko kaya ne, kamar "I adore kilishi", zuzutawa ce kawai, santi ne.

Tambaya: Yaya ake furta ta, kuma mene ne bambancinta da cherish? Daga wani mai koyon Ingilishi da dare, Yamai.

Amsa: Malam, gaɓa biyu ce, nauyin yana kan ta biyu, wadda ke fita kamar door. A ɗin farko gajere ne, kusan a haɗiye shi. Mutanen Ingila ba su cika furta r ɗin ba, na Amurka suna furtawa, amma babu mai fito da shi daga maƙogwaro irin na Faransanci. Adored ma gaɓa biyu ce, kada ka mai da ita uku. Ka kiyaye kuma da adorn, wadda ke nufin yi wa abu ado. Harafi ɗaya ne ya raba su.

Cherish ta fi kusa da riritawa ko tattali, son da ke tafe da kiyayewa. Ana yin ta ga mutum, ga tsohuwar wasiƙar mahaifi, ga abin da ake tunawa. Ba a yi wa tuwo cherish, amma ana iya yi masa adore.

Sai adorable, wadda rubutunta ɗaya a harsunan biyu. A Faransanci za ka iya ce wa babban mutum da ya yi maka alheri "vous êtes adorable", ya ji daɗi. A Ingilishi kalmar ta jarirai ce da ƴan kyanwa da duk wani ƙaramin abu mai ban sha'awa. Idan patoronka ya ba ka hutun kwana uku, "that's very kind of you" za ka ce masa.