Tambaya da Amsa: Editan jaridar da ya zama sanata a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin koyon aikin jarida ne a Zariya, malaminmu ya ce wai wanda ya fara ɗaukar Joseph Pulitzer, shahararren ɗan jaridar nan na Amurka, aikin jarida sanata ne kuma ba ma a Amurka aka haife shi ba. Don Allah wane ne shi, kuma ya aka yi baƙo ya zama sanata?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Malaminku ya yi gaskiya, sai dai lokacin da aka ɗauki Pulitzer a 1868 mutumin bai kai ga kujerar ba tukuna, saura shekara ɗaya. Sunansa Carl Schurz, Bajamushe ne, an haife shi a 1829 a Liblar kusa da birnin Kolon.

Wannan bawan Allah tun yana ɗalibi ba ya jin kira, ya shiga juyin juya halin 1848 na Jamus, da sojojin masarautar Prussia ta Jamus suka yi musu zobe a garin Rastatt ta magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa ya sulale, kuma maimakon ya gode wa Allah ya zauna lafiya sai ya sake lallaɓowa Jamus a ɓoye a 1850, ya ba wani gandiroba na goro aka zuro malaminsa Gottfried Kinkel da igiya daga kurkukun Spandau. A 1852 ya tattara ya nufi Amurka.

Can ya bi Shugaba Abraham Lincoln, aka tura shi jakada Sifaniya, ya dawo ya yi janar a yaƙin basasa. Bayan yaƙi ya koma alƙalami, a 1867 ya zama edita kuma mai hannun jari a Westliche Post, jaridar Jamusanci da ake bugawa a birnin St. Louis na jihar Missouri, nan ne Pulitzer ya fara neman labarai.

Batun baƙo kuwa, tsarin mulkinsu bai hana ba, in ka kai shekara 30 kuma ka yi shekara 9 da zama ɗan ƙasa shi ke nan. Kuma a wancan zamanin 'yan majalisar jiha ne ke zaɓen sanata ba talakawa ba, ga Jamusawa jingim a Missouri suna karanta jaridarsa, to ka ga ai da sauƙi. Ya shiga majalisa a 1869.

Ni a ganina ko a majalisar ma edita ne ba ɗan siyasa ba, don bakinsa bai iya shiru ba. Ya taso Shugaba Grant a gaba kan cin hanci da yunƙurin haɗiye Santo Domingo (Jamhuriyar Dominika ta yau) alhali jam'iyyarsu ɗaya, har ya jagoranci ɓallewa daga jam'iyyar a 1872, ɗan takararsu Horace Greeley wanda shi ma edita ne ya sha kaye, shi kuma Schurz a 1875 kujerar ta suɓuce masa. Amma fa kar ka ɗauke shi waliyyi, ya ja baya daga kare baƙar fata na Kudu, kuma daga baya yana ministan cikin gida aka kwashe ƙabilar Ponca, 'yan asalin Amurka, daga ƙasarsu da ƙarfi.

Ya sake komawa edita a New York Evening Post a 1881, bayan shekara biyu suka saɓa da abokin aikinsa Godkin kan yajin aikin ma'aikatan wayar tangaraho, ya ajiye musu aikinsu. A New York ya rasu a 1906.