Wuƙar aljihu ga Baba, da wasu tambayoyi biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya yi ritaya, yanzu kullum yana lambunsa a hanyar Kura. Wuƙar aljihunsa da ya daɗe da ita ta ɓata, sai ta kicin yake ɗauka yana naɗewa a tsumma. Ina so in saya masa mai ninkewa, mai ƙarko, wadda ba za ta cinye min albashi ba. Na shiga Sabon Gari na ga iri-iri har kaina ya ɗaure. Daga Maman Ilham, Gwammaja.

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Ilham. Allah ya yi albarka, ya sa naki su yi miki fiye da haka.

Bari in fara da tabon da ke kan manuniyata ta dama. Shekarun baya, ana jibi Babbar Sallah, na sayi wata wuƙa a hannun wani yaro mai talla a cunkoson motoci. Mariƙinta sai ƙyalli kamar zinare, an zana mata kan damisa, in ka buɗe ta har wani ƙara take yi. Na isa gida na sa ta a igiyar rago, na soka tsinin a ƙulli na danna, sai ruwan wuƙar ya ninko ya rufe a kan yatsana. Igiyar kuwa ko gezau. Tun ranar na daina kallon adon wuƙa, gaɓarta nake dubawa, wato inda ruwa da mariƙi suka haɗu, domin a nan mai ninkewa take mutuwa.

To, idan kin koma kasuwa, ki karɓi wuƙar a hannunki, kada ki yarda da ta cikin leda. Ki buɗe ta har ƙarshe, ki riƙe mariƙin, ki kama ruwan ta bayansa inda babu kaifi, ki girgiza shi hagu da dama. In ya yi motsi kamar haƙorin da ya kusa fita, ki miƙa wa mai shago kayansa. In ya tsaya cak, sai ki danna bayan ruwan da tafin hannu a hankali, yatsunki nesa da hanyar kaifin, ki ga ko makullin zai riƙe. Daga nan ki rufe ta ki shafa yatsa a jikinta. Tsinin da ya leƙo waje ko da kaɗan ne, shi zai huda aljihun Baba, wata rana ya huda hannunsa in ya sa zai ɗauko goro. Mai shagon da ya hana ki wannan gwaji ya riga ya ba ki amsa.

Sai ƙarfe. Iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe irin wanda maƙeranmu suka sani: yana saurin ɗaukar kaifi, ba ya wahalar wasawa, amma in ya yanka tumatir ko lemo aka bar shi da danshi, kafin gari ya waye ya yi tsatsa. Akwai kuma sitinles, wanda ba ya damuwa da ruwa, sai dai mai arharsa yakan dakushe da wuri. A nan ke kika fi ni sanin Baba. In irin dattawan nan ne masu goge fartanya kafin su jingine ta, ki saya masa baƙin ƙarfe, zai ji daɗinsa. Ruwan zai yi duhu-duhu da amfani, ba lalacewa ba ce, ɗigon man gyaɗa da tsumma sun ishe shi. In kuwa mai mantawa da kaya a bakin rijiya ne, sitinles kawai.

In suna kike so, zan ba ki uku. Wadda ni zan saya wa mahaifina ita ce Opinel, 'yar ƙasar Faransa, da wani maƙeri Joseph Opinel ya fara ƙerawa a 1890. Ba komai a jikinta sai mariƙin katako, ruwa ɗaya, da zoben ƙarfe a wuya da ake murzawa ya kulle ruwan, wanda aka ƙara mata a 1955. Lamba-lamba ce, kuma lamba 8 ita ce daidai aljihu, tsawon ruwanta santimita 8.5. Ana yin ta da baƙin ƙarfe, ana yin ta da sitinles, an rubuta a jikin ruwan: Carbone ko Inox. Aibinta ɗaya, kuma mu nan Kano za mu gamu da shi: katako yana shan danshi. A watan Agusta, da damina ta kankama, sai ta kumbura ta ƙi buɗuwa. Ba a sa mata ƙarfi, ana buga gindin mariƙin ne a kan benci sau ɗaya ko biyu, sai ruwan ya ɗago. Da hunturu ya shigo za ta saki da kanta.

Ta biyu Okapi, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 musamman don kasuwannin Afirka, daga baya a 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. Tana da ɗan zobe a baya da ake ja kafin ta rufe. Ba ta da kyan gani, sau da yawa ma sai an wasa ta kafin a fara aiki da ita, amma jakin aiki ce.

Ta uku Victorinox ta Suwizalan, ja mai alamar kuros, kamfanin da Karl Elsener ya kafa a 1884. Ta gaske abar kirki ce, tsadarta ma ta gaske ce. Matsalar ita ce babu wuƙar da aka fi yi wa jabu kamarta. In kika ga ja mai kai goma sha biyu, da almakashi da zarto da cokali, ana sallamar da ita kuɗin kwanon shinkafa, ki wuce. Mai lambu ruwa ɗaya mai kyau yake buƙata, na fere rake, da yanke igiya, da datse reshen mangwaro. Ban ce duk 'yar Chana banza ba ce, akwai masu kyau ƙwarai, gwajin nan na gaɓa shi zai raba miki su.

Ragowar kuɗin kuma ga inda zan kai su. Ki shiga Kasuwar Kurmi wajen dukawa da wuƙar a jaka, ki sa a ɗinka mata ɗan kube na jar fata daidai jikinta. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake cinikin fata a cikinta, aikin 'yan mintuna ne a wajensu. Wannan kuben shi Baba zai riƙa nuna wa abokansa a ƙofar masallaci. Ki kuma roƙe shi kada ya kai ta wajen masu wasa wuƙa da injin. Dutsen injin yana cinye ƙaramin ruwa, in kuma ƙarfen ya yi zafi har ya yi shuɗi, kaifi ya tafi ke nan. Gindin kofin tangaran, wurin nan mai kaushi da ba a shafe ba, yana wasa ta tsaf.

Tambaya: Malam, in na sayi babbar mai ninkewa, za ta yi min yankan layya da fiɗa? Ba na son sayen wuƙa biyu. Daga Abban Sadik, Ɗorayi.

Amsa: A'a, Abban Sadik. An umarce mu da mu wasa wuƙa mu hutar da dabba, kuma hakan yana son dogon ruwa mai tafiya ɗaya, wanda ba shi da gaɓar da za ta ci amanarka a wuyan rago. Ga jini da kitse da ke shigewa cikin gaɓar su ƙi fita. Ka tambayi mahaucin unguwarku wurin maƙerin da yake ƙera masa tasa. Za ka same ta da arha fiye da mai ninkewar da kake hange.

Tambaya: Ƙanena ya gama sakandare, yana son irin wuƙar nan da ake danna maɓalli ta fito. Ina so in ba shi mamaki. Amma wata ƙawata ta ce kyautar wuƙa tana yanke zumunci. Gaskiya ne? Daga Yaya Babba, Kurna.

Amsa: Zancen yanke zumunci camfi ne, Turawa ma suna da shi. A Faransa wanda aka ba wuƙa yakan miƙa ɗan kwabo don abin ya zama ciniki. Bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni shekarun yaron da garin da yake ciki. Yaya Babba, kin san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya da faɗan daba. Dattijo mai furfura da 'yar wuƙar katako a hanyar lambu, babu mai kallonsa sau biyu. Saurayi ɗan shekara sha takwas da wuƙa mai maɓalli a aljihun wando, a cikin A Daidaita Sahu bayan magariba, in aka tare su ana bincike, wa zai tsaya sauraron cewa yayarsa ce ta ba shi kyauta? Ko 'yan sintirin unguwa ne suka gan ta, ya shiga bayanin da ba ya ƙarewa, ku kuma ku kwana neman mai beli. Irin wannan wuƙa ma ba ta aiki ba ce, sifirin ɗinta ne ke fara lalacewa.

In yaron mai son kwance-kwance da ɗaure-ɗaure ne, ki saya masa ƙaramin akwatin sukundireba da filaya, irin na masu gyaran waya a Farm Centre. In kuma lallai sai wuƙa, to ƙarama marar maɓalli, da sharaɗin ta zauna a gida cikin kayan aikinsa, kuma ki gaya wa mahaifinku kafin ki ba shi.