Maɓallan menu na suna yin fari kafin rubutun ya fara motsi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gina shafin intanet mai maɓallan menu guda shida, kowanne da rubutu mai motsi da na haɗa a matsayin GIF. Da zarar an ɗora linzami a kan maɓalli sai rubutun ya fara walƙiya. A kwamfutata komai lafiya lau, amma da na ɗora shafin a intanet, duk maɓallin da aka taɓa karon farko sai ya yi fari fat na ɗan lokaci kafin motsin ya bayyana. An ce in loda hotunan tun da wuri. Yaya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Laifin ba na hotunanka ba ne, halin burauza ne. Idan ka rubuta a CSS, wato harshen da ake tsara adon shafi da shi, cewa hoto kaza zai fito a yanayin hover, wato lokacin da linzami ya hau maɓalli, burauza ba ta ɗauko hoton da buɗe shafi. Tana jira sai an hau maɓallin sannan ta nemi hoton daga saba, wato kwamfutar da shafinka ke ajiye a kanta a intanet. Wannan farin da kake gani shi ne tafiyar saƙon da dawowarsa. A kwamfutarka fayil ɗin yana nan kusa, shi ya sa ba ka taɓa lura ba.

Wanda ya ba ka shawara bai yi kuskure ba. Hanya mafi daɗewa ita ce ta JavaScript: ka ƙirƙiri hoto da new Image, ka ba src ɗinsa adireshin GIF ɗin, kada ka saka shi a ko'ina cikin shafin. Burauza za ta sauke shi ta ajiye a ma'ajiyarta ta wucin gadi, idan buƙata ta taso sai ta ɗauko daga can. Ka jinkirta wannan aikin har sai shafin ya gama buɗewa. Akwai kuma hanyar HTML zalla: a cikin head ka saka link mai rel="preload" da as="image" da adireshin fayil ɗin. Sai dai wannan umarni ne ga burauza ta sauke fayil ɗin tun farkon buɗe shafi. A ce kowane GIF naka kilobait 200 ne, shida sun zama 1,200, dukkansu suna rububin layi da rubutu da hotunan da mai ziyara ya zo dominsu. Burauzar Chrome ma kan yi gargaɗi a konsol, wato allon saƙonni na masu gina shafi, idan aka loda abu ta wannan hanya aka kuma bar shi 'yan daƙiƙoƙi ba a yi amfani da shi ba.

Ko ka magance farin, GIF zai sake ba ka wani ciwon kai. Ba ka da iko a kan inda motsinsa zai fara. Mutum ya hau maɓalli, ya sauka, ya sake hawa, sai motsin ya kama daga tsakiya, ko ya tsaya cik idan an saita shi ya yi zagaye ɗaya kawai. Tsarin tsoho ne, CompuServe ta fitar da shi a 1987, kuma launuka 256 kawai yake ɗauka a kowane firem. Ba ya kuma iya garai-garai rabi da rabi, shi ya sa gefen haruffa kan yi kaushi kamar haƙoran zarto idan launin baya ya canza.

Idan ka dage sai hoto, to ka jera duk firem ɗin motsin a hoto guda mai tsawo, har da yanayin maɓallin na zaune lafiya. CSS za ta riƙa zame hoton mataki-mataki da steps. Tunda hoton ɗaya ne kuma an riga an sauke shi don nuna maɓallin, babu sauran jira. Dave Shea, wani mai zanen shafukan intanet, ne ya yaɗa dabarar haɗa hotuna da yawa cikin hoto guda a 2004.

Ni dai da shafina ne, ba zan sa rubutun menu cikin hoto ba sam. Zan rubuta shi da haruffa na ainihi cikin mahaɗi, CSS ta motsa shi da transition ko keyframes. Walƙiya, zamewa, kumbura, sauyin launi, duk ana yin su da layuka kaɗan, kuma idan ka tsaya kan transform da opacity motsin zai tafi sumul ko a waya mai ƙaramin ƙarfi. Manhajar da ke karanta wa makafi allo za ta gane shi, injin bincike ma haka, kuma ranar da ka so canza "Gida" zuwa "Farko" ba sai ka sake zana komai ba. Masu menu na Flash, tsohuwar fasahar yin zane mai motsi a shafuka, sun ɗanɗana kuɗarsu: kamfanin Adobe ya daina tallafa masa ranar 31 ga Disamba 2020, shafukan da ba a gyara ba suka wayi gari babu hanyar shiga ciki.

A wannan tsari abin da ya rage ka loda da wuri shi ne fayil ɗin salon haruffa, idan na musamman ne. Ka yi amfani da fayil nau'in WOFF2, ka sa rel="preload" da as="font", kuma kada ka manta da crossorigin ko da fayil ɗin yana saba ɗaya da shafinka, in ba haka ba burauza za ta sauke shi sau biyu. Ka ƙara font-display: swap don rubutun ya bayyana da salon da ke akwai kafin naka ya iso.

Ka tuna waya ba ta da linzami, don haka maɓallin ya karantu ko babu motsi. Ka ba yanayin focus, wato lokacin da aka iso kan maɓalli da madannai, irin adon da ka ba hover saboda masu amfani da allon madannai, ka kashe motsin ga wanda ya zaɓi rage motsi a na'urarsa, wato prefers-reduced-motion. Walƙiyar kuma kada ta wuce sau 3 a daƙiƙa guda, domin tana iya tayar wa masu farfaɗiya da ciwo.

Wajen gwaji, danna F12 ka shiga ɓangaren Network, ka goge abin da ke ma'ajiyar wucin gadi, ka rage gudun intanet ɗin, sannan ka sabunta shafin. Ka hau maɓallan ɗaya bayan ɗaya kana kallon jerin. Duk maɓallin da ya sa sabon layi ya bayyana a wurin ana sauko da fayil daga saba, ba daga ma'ajiya ba, fayil ɗinsa bai lodu da wuri ba.