Maigidana ya karye a baya, an ce sai an sa masa ƙarfe

Tambaya: Likita, maigidana ya faɗo daga saman gini. Hoto ya nuna ƙashin baya na L1, wato na farko a sashen ƙugu, ya fashe, ƙafafunsa sun yi nauyi amma yana motsa yatsu. Asibiti sun ce tiyata, dangi sun ce a kai shi wajen mai ɗori. Anya zai sake tafiya?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada ki bari a kai shi ɗori. Laka, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu, mafitsara da dubura, tana bi ta cikin ƙashin baya, kuma daidai L1 zuwa L2 take ƙarewa. Idan ƙashi ya fashe, ɓaraguzansa kan shiga wannan rami su danne ta. Ja ko murza ɗaya na iya mai da mai motsa yatsu ya zama ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa.

Ba kowace karayar baya ake yi wa tiyata ba. Idan ƙashin ya ɗan lotsa ne kawai, jijiyoyi lafiya, rigar roba mai tauri ta wata 2 zuwa 3 kan wadatar. Nasa kuwa, tunda ƙafafu sun raunana, akwai dalili. Likita zai ɗaura sukurori a ƙasusuwan da ke sama da ƙasan wanda ya karye, ya haɗa su da sanduna biyu, galibi na ƙarfen titaniyam, sannan ya buɗe wa lakar wuri idan a matse take. Gaggawa na da amfani a nan, kada a ɓata kwanaki ana taron dangi.

Ki riƙe wannan: ƙarfe ƙashi yake tsayarwa, jijiya kuwa a hankali take farfaɗowa, wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara. Motsa yatsun da yake yi alama ce mai kyau ƙwarai, domin raunin bai yanke komai gaba ɗaya ba, kuma irin waɗannan su suka fi samun sauƙi. Alkawari dai babu likitan gaskiya da zai yi miki.

Bayan aiki, ana so ya tashi zaune cikin kwana ɗaya ko biyu idan likitansa ya yarda, don kauce wa daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu. Muddin yana kwance, a juya shi duk awa 2, jiki gaba ɗaya kamar gungume, saboda gyambon kwanciya ya fi karayar wahalar da iyali. Kada ya sunkuya, ya murɗa ƙugu ko ya ɗauki kaya mai nauyi na kusan wata 3. Sallah ya yi ta a zaune ko a kwance. Idan yana shan taba ya daina, tana hana ƙashi haɗewa. Gashin ƙashi na asibiti kuma, wato motsa jiki a hannun ƙwararru, kada a yi wasa da shi.

Zazzaɓi, ruwa daga wurin ɗinki, riƙewar fitsari ko ƙarin mutuwar ƙafa, a koma asibiti a ranar.